Geocaching: Wa ke da bayanan da 'yan wasa suka tara, wa kuma ke da ikon raba su?

A ƙasashe sama da 190 akwai akwatuna fiye da miliyan 3 da mutane suka ɓoye da gangan: wani a kogon bishiya, wani a ƙarƙashin dutse, wani manne da maganaɗisu a bayan allon gefen titi. Wasan neman waɗannan akwatuna da GPS na waya shi ake kira geocaching. Mai wasa yana buɗe manhaja, ya zaɓi akwati a taswira, ya bi lambobin wurin har ya gano shi, ya sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar da shi yadda ya same shi, sannan ya rubuta rahoto a intanet cewa ya samu.

Kowane akwati yana da shafinsa: lambobin wuri, bayanin wanda ya ɓoye shi, 'yar manuniya ga wanda ya kasa ganowa, hotuna, da rahotannin duk waɗanda suka je. Ba ma'aikatan kamfani ne suka rubuta waɗannan ba, 'yan wasa ne, kuma ba a biya su ko sisi ba. Amma mafi yawansu suna zaune ne a rumbun kamfani guda, wanda ke karɓar kuɗi kafin ya buɗe wasu daga ciki. Daga nan ne gardamar mallaka ta taso, kuma ta shafi duk wanda ke ɗora wani abu nasa a kowace manhaja.

Yadda abin ya fara

Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka tana rage ingancin siginar GPS da farar hula ke samu da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100. A ranar 2 ga Mayun 2000, bisa umarnin Shugaba Bill Clinton, aka daina hakan, ingancin ya ƙaru kusan ninki goma a dare ɗaya. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokitin roba a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a zauren masu sha'awar GPS. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ɗauki abu, ya bar wani.

A watannin farko lambobin suna yawo ne a fili, kowa na iya kwafa ya tura wa kowa. A watan Satumban 2000 Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75. Shafin ya zama na kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle, kuma har yau shi ne mafi girma nesa ba kusa ba. Da wannan sauyi, bayanan suka tashi daga fili suka shiga gida mai ƙofa da sharuɗɗa.

Akwati na mai shi ne, shafin fa?

Abu uku ne ake yawan cakuɗawa, alhali kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne akwatin kansa. Wannan na wanda ya ɓoye shi ne. Kamfanin yana bayyana kansa a matsayin mai jera sanarwa kawai, ba mai akwatuna ba. Mai akwati ne ke tabbatar da cewa ya samu izinin mai fili, shi ke canza littafi idan ya cika ko ruwa ya jiƙa shi, shi ke ɗaukar alhaki idan matsala ta taso. Matsalar kuwa takan taso: a shekarar 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby a Ingila, masu kwance bam suka fasa wani akwatin wasan, bayan an ga mutum yana ajiye shi aka zaci abin fashewa ne.

Na biyu shi ne rubutu da hotuna. Bayanin akwati na wanda ya rubuta ne, rahoton samu da hotonsa na wanda ya ɗora ne. Sai dai a lokacin buɗe asusu, kowa yana amincewa da sharuɗɗan da ke ba kamfanin lasisin amfani da abin da aka ɗora, a ko'ina a duniya, ba tare da biyan mai shi ba. Mallaka tana nan a hannun marubuci, amma kamfanin yana da damar nunawa, kwafa da rarrabawa. Irin tsarin da Facebook, Instagram da TikTok ke bi ke nan. Alamar hakan a aikace ita ce mai akwati zai iya yi wa shafinsa ritaya, amma shafin ba ya gogewa. Yana nan a ajiye da duk rahotannin da ke cikinsa, domin rahotannin tarihin wasu mutane ne su ma.

Na uku shi ne rumbun gaba ɗaya, wato miliyoyin shafukan da aka tattara, aka tsara, aka tantance. Wannan ne kamfanin ke cewa nasa ne, kuma a nan ne rikicin yake.

Lamba ba ta da mai ita, amma alƙawari na ɗaure mutum

Lambobin wuri bayani ne na zahiri, kamar tsawon dutse ko lambar gida. A Amurka, inda kamfanin yake, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1991 a shari'ar Feist da Rural, kan littafin lambobin tarho, cewa ba a mallakar bayanin zahiri da haƙƙin mallaka, komai wahalar da aka sha wajen tattara shi. A Tarayyar Turai labarin ya bambanta: dokar rumbunan bayanai ta 1996 ta ba wanda ya zuba jari mai yawa wajen tara bayanai kariyar shekara 15 daga masu kwasar kaso mai tsoka.

Saboda haka abin da ya fi ɗaure ɗan wasa ba dokar haƙƙin mallaka ba ce, yarjejeniyar da ya danna wa "na amince" ce. Sharuɗɗan Geocaching.com sun hana amfani da na'ura ko manhajar da ke bin shafuka tana kwasar bayanai kai tsaye ba da izini ba, sun kuma hana sake wallafa abin da aka sauke. Wanda ya karya ba lallai ya ga kotu ba. Hukuncin da ya fi kusa shi ne rufe asusu, kuma ga wanda ya shafe shekaru yana tara tarihin akwatunan da ya gano, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Fayil ɗin da ba a ba da aronsa

Asusun kyauta yana nuna wasu akwatuna ne kawai a manhajar kamfanin. Masu biyan kuɗi suna samun ƙari, ciki har da tsarin Pocket Query, wanda ke haɗa bayanan akwatuna har 1,000 a fayil ɗaya na GPX, mutum ya sauke a waya ko na'urar GPS ya shiga daji inda babu sabis. Fayil ɗin na amfanin wanda ya sauke ne shi kaɗai. Tura shi a zauren WhatsApp ko ɗora shi a wani shafi ya saɓa wa sharuɗɗa, ko da ba a karɓi kuɗi ba.

Dalilin kasuwanci a bayyane yake: idan mutum ɗaya ya biya ya raba wa ɗari, kuɗin kula da rumbu ya tafi. Amma akwai dalili na biyu da ya fi shafar 'yan wasa. Bayanan wasan suna tsufa da sauri. Mai fili zai iya janye izininsa yau, a cire akwati gobe, a yi wa shafin ritaya. Tsohon fayil da ke yawo hannu zuwa hannu bai san da haka ba. Zai ci gaba da tura mutane gonar wani ko wurin da aka hana shiga. Akwai kuma akwatunan da masu su suka keɓe wa masu biyan kuɗi kaɗai, sau da yawa don rage sata da ɓarna. Wanda ya fitar da lambobinsu ya karya zaɓin mai akwatin ne, ba na kamfani kaɗai ba.

Masu suka suna da tasu hujjar, kuma ba ta da rauni. 'Yan wasa ne suka sayi akwatuna, suka taka ƙasa, suka rubuta bayanai. Hatta masu duba sabbin akwatuna kafin a wallafa su, waɗanda ke tabbatar da dokoki irin na barin tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati, 'yan sa-kai ne. A ganinsu, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙofar gaba da ƙofar baya

Ba dole sai da manhajar kamfanin ake wasan ba. Groundspeak yana da API, wato ƙofar da aka keɓe wa manhajojin waje su karɓi bayanai bisa ƙa'ida. Ta nan Cachly ta iPhone, GSAK ta kwamfuta da shafin ƙididdiga na Project-GC ke bi. Ƙofar tana da awo: ana ƙayyade yawan akwatunan da kowane asusu zai sauke a rana, kuma rabon mai asusun kyauta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na mai biya.

Manhajar c:geo ta Android ta bi wata hanya. Kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke gina ta, kowa na iya duba lambobin da aka rubuta ta da su, kuma tana da farin jini sosai. Amma ba ta cikin manhajojin da kamfanin ya ba izini. Tana shiga shafin ne da sunan mai amfani da kalmar sirrinsa, ta karanto bayanai daga shafukan. Sakamakon haka, idan aka canza fasalin shafin takan samu tangarɗa har sai an gyara ta. Duk mai zaɓar manhajar waje ya kamata ya san ta wace ƙofa take bi, da kuma abin da yake miƙa mata.

Waɗanda suka zaɓi buɗaɗɗen rumbu

Rashin gamsuwa da wannan tsari ya haifar da wasu shafuka. Opencaching.de ya fara a Jamus a 2005, daga baya aka samu 'yan uwansa a ƙasashe irin su Foland da Amurka. Babu kuɗin shiga, kuma bayanan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons. A shafin na Jamus, kowa na iya kwafa ya raba, muddin ya ambaci mai rubutun, bai sayar ba, bai kuma canza shi ba.

Buɗe rumbu kaɗai dai bai isa ya jawo jama'a ba. Garmin, babban kamfanin na'urorin GPS, ya buɗe nasa shafin mai suna OpenCaching.com a ƙarshen 2010, ya rufe shi a 2015. Masu ɓoyewa suna zuwa inda masu nema suke, masu nema kuma suna zuwa inda akwatuna suke. Mai akwati yana da damar jera nasa a shafuka biyu, tunda rubutun nasa ne. Abin da ba shi da dama shi ne kwafar shafin wani ya kai can ba da izininsa ba.

Sirrin da 'yan wasa ke karewa da kansu

Wasu dokokin rabawa ladabin wasa ne. Akwai akwatunan da sai an warware wasa ƙwaƙwalwa kafin a samu lambobinsu na gaskiya. Wallafa amsar ɓata aikin wanda ya shirya ne. Haka ɗaukar hoton da ke nuna daidai inda aka cusa akwati. Mai akwati yana da ikon goge rahoton da ya tona asiri ko wanda ya tabbatar na ƙarya ne.

Akwai kuma 'yan kayan da ke tafiya daga akwati zuwa akwati, irin su Travel Bug, kowanne da lambar sirri a jikinsa. Lambar ce shaidar cewa mutum ya riƙe abin a hannunsa. Idan ta fito a hoto, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba za su iya cika tarihinsa da rahotannin bogi. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke rufe lambar da yatsa kafin su ɗauki hoto.

Sawun da mai wasa ke bari

Bayanin da ya fi kowanne tsada shi ne na mai wasan kansa. Kowane rahoto yana ɗauke da suna, wuri da kwanan wata. Idan aka jera rahotannin mutum na shekara ɗaya, ana iya gane unguwarsu, hanyar da yake bi, da lokacin da ya yi tafiya ya bar gida. Hoton waya ma yakan ɗauki lambobin inda aka ɗauke shi a ɓoye, idan ba a kashe wannan a saitin kyamara ba.

Dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba mutane damar neman kwafin bayanansu ko neman a goge su, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi irin wannan dama. A saitin asusun Geocaching.com akwai inda mutum zai ga manhajojin da ya ba izini ya soke wanda ya ga dama, zai kuma iya hana a miƙa bayanansa ga manhajojin waje.

Ga mai son gwada wasan, taka-tsantsan ɗin ba shi da yawa. Ya zaɓi sunan da ba nasa na gaskiya ba. Ya ajiye kwafin rubutu da hotunan da yake ji da su a wayarsa, kada ya dogara da rumbun kamfani. Idan zai gayyaci aboki, ya tura masa lambar akwatin mai farawa da GC, ba fayil ba, domin abokin ya ga bayanin da ke aiki a ranar. Kafin ya ɓoye nasa akwatin kuma, ya nemi izinin mai wurin, ya karanta sashen lasisi a sharuɗɗan shafin da ya zaɓa, domin da zarar an wallafa, akwatin kaɗai zai iya ɗaukewa ya koma da shi gida.