Wasan na wa ne, na mai yi ko na mai rubutawa?

A ƙasar Damagaram, tun daga birni har Magarya da Waca da Dungas, wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne. Bayan kaka samari kan yi wasan kara, su ƙera bindiga da agogo na kara, su kwaikwayi sarki da komanda, manya na kallo suna dariya. Da Seyni Kunce ya kama mulki a 1974, ya raya ƙungiyoyin Samariya, kuma a 1976 aka yi bukin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Daga nan teyatur ya bunƙasa.

Masu binciken ilimi suka biyo sawu. A 1979 Shaibu Ɗan Inna ya rubuta bincikensa bisa wasannin Hausawa a jami'ar Abijan, da Faransanci. Janet Beik ta Amurka ta bi ƴan wasa, har da ƙungiyar Yazi Dogo ta gidan rediyon Damagaram, ta fitar da littafi da Ingilishi a 1987. Albarkacin wannan aiki, duniya ta san teyatur na Nijar.

Amma akwai abin dubawa. Wasan nan ba a rubuce yake ba. Ƴan wasa ne ke zama su tsara labari tare, kowa ya sa bakinsa, sauran magana ta fito a fili. In ya shiga littafi kuwa, sunan mutum guda ke bisa bango, cikin harshen da yawancin masu wasan ba su karantawa.

Ga kuma sha'anin siyasa. A zamanin soja Samariya tana hannun gwamnati. Habaicin da ɗan wasa ya yi wa ma'aikaci mai cin hanci, iska ke tafiya da shi. Wanda ya shiga kaset kuwa yana nan. Mai bincike ya koma garinsu, ɗan wasa shi ke zama da mahukunta.

Saboda haka duk ɗalibin da ya sauka Waca da rakoda, wajibi ne ya nemi iznin ƴan wasa, ba na sarki kaɗai ba. Ya tambayi kowa ko yana son a ambaci sunansa. Ya karanta masu abin da ya rubuta kafin a buga, ya kuma bar masu kofi da Hausa, wanda ɗaliban yaƙi da jahilci za su iya karantawa. In ba haka ba, sai a ce kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.