Ko Ka Sani? Nisa Kaɗai Ba Ya Nuna Tsawon Tafiyar Jirgin Sama

Jirgin saman fasinja na zamani yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan ya kai tsayin da yake daidaita tafiyarsa, wato kimanin kilomita 10 zuwa 12 daga doron ƙasa, amma raba nisan garuruwa biyu da wannan gudu ba ya fitar da lokacin da matafiyi zai yi a hanya. Jidda da Madina, biranen Asiya biyu da alhazan Mubi suka sani sosai, sun isa misali: tazararsu ta sama ba ta kai kilomita 350 ba, abin da a lissafi bai wuce minti 25 ba, duk da haka tafiyar takan ci kusan awa guda, domin jirgin yana ɓatar da lokaci wajen gangarawa kan titinsa, da jiran izinin masu kula da zirga-zirgar sama, da hawa, da kuma rage gudu kafin sauka.

A doguwar tafiya kuwa, iska ce ke da ta cewa. Akwai wata iska mai tsananin ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a daidai tsayin da jirage ke bi, wadda gudunta kan haura kilomita 200 a awa, musamman lokacin hunturu, kuma tana ratsa sararin yankin Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin. Saboda haka ɗan kasuwar da ya tashi daga Dubai zuwa Guangzhou domin saro kaya, tazarar kusan kilomita 5,800, yakan isa cikin awa 7 da 'yan mintuna tunda iskar tana tura jirgin ta baya, amma a komowa tafiyar takan kai awa 8 ko fiye, alhali nisan bai ƙaru ba.

Abu na uku shi ne hanya, domin jirgi ba ya ratsa samaniyar wata ƙasa sai da izininta. Maniyyacin Mubi yakan bi ta Hong da Gombi da Song zuwa filin jirgin saman Yola, inda miƙaƙƙiyar hanyar Jidda, mai tsawon sama da kilomita 3,000, take ketare Kamaru da Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai ya zama tilas jiragen alhazan Najeriya su yi zagaye, lamarin da ya ƙara awoyin tafiya da yawan man da ake ƙonawa, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗin kujera.

Agogo ma yakan rikita lissafi, saboda lokutan tashi da sauka da ake bugawa a tikiti na garin da abin ya shafa ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, Guangzhou kuma tana gaban Dubai da awa 4, don haka mai son sanin haƙiƙanin tsawon tafiyarsa sai ya debe wannan bambanci idan gabas ya nufa, ya kuma ƙara shi idan yamma yake komawa.