Daga Bakin Rufi zuwa Ƙwaurin Mutum



Kafinta da likitan tiyata sun yi tarayya a kalma ɗaya da suka gada daga harshen Latin, wato fascia. Asalin ma'anarta ɗamara, ko ƙyallen ɗaure rauni.

Tsofaffin maginan Girka ne za mu fara leƙawa. A haikalin Erechtheion da ke birnin Atina, wanda aka kammala wajen shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa, dutsen da ke kwance bisa ginshiƙai an sassaƙa shi hawa uku, kowane ya ɗan fi na ƙasa da shi fitowa. Kowane hawa sunansa fascia. A yau kuwa sunan ya koma kan dogon allon da kafinta ke bugawa a bakin rufin kwano, ya rufe kawunan katakan rufi don kada damina ta ruɓar da su.

To, ina ta jikin mutum? Ku tsaya gaban mahauci yana gyaran cinyar sa. Za ku ga wani farin tantani mai sheƙi lulluɓe da tsoka, sai ya sa bakin wuƙa yake ɗaye shi. Shi ne fascia. Irinsa na naɗe da kowace tsoka a jikinmu. Akwai mai kauri a tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu. Idan ya ji jiki, takun farko na asuba sai mutum ya ji kamar ya taka ƙusa.

Amma inda nake roƙon ku kasa kunne shi ne batun karaya. Tantanin nan ya raba ƙwauri ɗaki huɗu, kuma ba ya miƙewa. In ƙashi ya karye, tsoka ta kumbura, kumburin ba shi da wurin zuwa. Sai ya danne hanyoyin jini, cikin awa shida ko makamancin haka tsoka ta fara mutuwa. Tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana yadda hannu ke shanyewa ya ƙandare saboda ɗauri mai tsanani. Abin takaici, har gobe ana kai yara asibitocinmu hannu ya yi baƙi bayan ɗorin gida da aka tamke da karare, a ƙarshe sai yankewa.

Iyaye, don Allah, idan an yi wa yaro ɗori ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, yana ihu in an miƙe masa yatsu, ko yatsun sun yi sanyi sun dena ji, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Can likita zai iya tsaga tantanin, jini ya samu hanya tun tsoka na da rai.