Shara, bola jari da aikin gayya: abin da ya kamata ku sani

Da zarar damina ta kankama a Kano, Kaduna, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, kukan unguwanni iri ɗaya ne: magudanar ruwa ta toshe, ruwa ya kwanta a lungu, sauro ya samu wurin hayayyafa, wani lokaci katanga ta faɗi. Idan aka sa shebur aka yashe lambatun, abin da ke fitowa sananne ne: leda, robar lemo, tsumma da yashi. Daga gidajenmu da shagunanmu suka fito. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, galibin abin da muke zubarwa yana da mai so, wani ma da kuɗinsa a hannu. Cakuɗa shi wuri ɗaya ne ke lalata shi. Gidan da ya iya raba shararsa tun daga tsakar gida ya rage wa unguwa rabin wahala.

Abin da ke ruɓewa na gona ne

Kaso mafi nauyi a kwandon sharar gida shi ne mai ruɓewa: ɓawon doya da dankali, ƙaiƙayi, ganyen da iska ta kaɗo, toka, kashin awaki da na kaji. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajarsa. Tun zamanin kakanni suke shigowa birni da jakai ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki, kuma da wannan takin ne gonakin kewayen birnin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Har gobe ana sayen sharar birni a kai gona, sai dai yanzu manomi kan tarar da ita cike da leda, fasassun kwalabe da matattun batura, sai ya duƙa yana tsincewa da hannu.

Wanda ke da ɗan fili a bayan gida zai iya haɗa takinsa. A haƙa rami, a riƙa zuba ɓawo da ganye, a bi da kashin dabbobi da 'yar toka, a yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya yi caɓi ba, a rufe da ƙasa. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari. Wanda ba shi da fili kuwa ya tara a buhu daban, ba zai rasa mai lambu ko mai kiwo da zai karɓa da godiya ba. Iyayenmu mata sun riga mu: ragowar tuwo da ƙanzo shanya su suke yi a ba dabbobi.

Abin da ke da kuɗi

'Yan gwangwan da ke zagaya unguwa da kura ko baro da ɗan sikelinsu, su ne matakin farko na wata babbar sana'a. Suna sayen tsohon ƙarfe, alminiyam, jan ƙarfe, fasassun bokitai da kujerun roba, tsofaffin takalman roba da kwali. Wasu musaya suke yi, a ba su tsohon kaya su ba uwargida sabuwar roba. Daga hannunsu kaya na zuwa wurin dillali, a ware kowane iri da launinsa. Roba a niƙa ta, a wanke, a shanya, a sayar wa masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa a Kano, ta dawo kasuwa a matsayin buta, bokiti ko silifa. Ƙarfe kuwa a loda shi a manyan motoci zuwa kamfanonin da ke narka shi su yi rodin gini.

Wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai zai ga aikin da idonsa. Maƙeri zai cika akwatin katako da yashi mai damshi, ya danna tukunyar da yake son kwaikwaya har siffarta ta fito, ya zare ta a hankali. Yaronsa na gefe yana zuga wuta, gwangwanayen lemo da ɓallayen alminiyam suna narkewa. Sai a kwarara ruwan ta wata 'yar kafa, a dakata kaɗan, a fasa yashin, ga sabuwar tukunya sai kankara da goge baki. Narka tsohon alminiyam yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haɗa sabo daga ma'adini, shi ya sa duniya ke rububinsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada dalmar batir ko wani ƙarfen da ba a san asalinsa ba ya shiga tukunyar da za a dafa abinci, domin dalma guba ce, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa.

Abin da ya rage gare ku shi ne ku ajiye waɗannan kaya a bushe, a buhunsu daban. Robar da aka ɗauraye ta fi wadda ta kwana a kwata daraja. Kuma ku sayar wa wanda kuka sani. Sana'ar ta samu ɓata-gari masu ɓalle marafen kwalbati da wayoyin lantarki, har hukumomin Abuja suka hana yawon bola jari a birnin a farkon 2025. Mai unguwar da ya san masu shigowa unguwarsa ya kare dukiyar jama'a, ya kuma kare mutuncin masu neman halalinsu.

Leda ita ce babbar matsala

A duniya baki ɗaya, robar da ake sake sarrafawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Baƙar ledar cefane na cikin waɗanda ba su da kasuwa sosai, domin ba ta da nauyi, ga datti. Ba ta ruɓewa, sai dai rana ta marmashe ta ta shige cikin ƙasa. Mahauta sun saba farke tumbin saniya ko akuya su tarar da dunƙulen leda. Dabbar takan yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani bai san dalili ba. Ƙona ledar ma ba mafita ba ce. Hayaƙinta na ɗauke da guba mai cutar da huhu, don haka hura gawayi da leda al'ada ce da ya kamata a bari, haka ma zuba koko mai zafi ko dafa alale a cikinta.

Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Nijar ma ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san doka kaɗai ba ta isa ba in masu saye ba su sauya hali ba. Maganin leda shi ne rage karɓarta. A tafi kasuwa da kwando ko jaka. A aiki yaro sayen ƙosai ko waina da kwano mai murfi. A dafa alale a gwangwani ko ganye. Ledar fiya wata kuwa akwai masu sayenta a kan kilo in ta bushe, don haka a rataye buhu kusa da randa, kowa ya sha ya jefa a ciki.

Akwai kuma kayan da ba a wasa da su: matattun batura, allurar da aka yi amfani da ita, ragowar magani da jarkar maganin feshi. Kada su shiga taki, kada yara su kai hannu, kuma kada a zuba ruwan sha ko mai a mazubin maganin ƙwari komai wankin da ya sha.

Abin da sai an taru

Gida na iya gyara shararsa, amma lambatu da juji na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ta samo asali ne daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984. A Kano har yanzu ana taƙaita zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata saboda ita. Sai dai da yawa sun mayar da ita lokacin ƙarin barci. Unguwar da ta mayar da ita aikin gayya na gaske takan ga bambanci a damina ɗaya.

Lokacin yashe magudana shi ne kafin ruwan farko. A fara da mai unguwa da liman, a yi sanarwa bayan sallah. A tanadi shebur, manjagara, baro, safar hannu da takalmin ruwa, domin tsatsar ƙarfe da fasasshiyar kwalba ba sa sallama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibge abin da aka yaso a bakin lambatu a watse, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Don haka kafin a sa rana a nemi motar kwasa, ko daga hukumar kwashe shara kamar REMASAB a Kano, ko a yi karo-karo a ɗauki haya. Wanda ba zai iya riƙe shebur ba yana da rawar takawa: wani ya ba da aron baro, wata ta aiko da kunu, dattijo ya tsaya ya sa albarka.

Taron alheri kada ya bar ƙazanta

Rabon abincin buɗa-baki a watan azumi, filin Idi, Mauludi, walima da rabon kayan marayu duk ayyukan lada ne, amma sau da yawa wurin kan wayi gari cike da leda da robobin abinci. 'Yan agaji sun ƙware wajen tsara sahu da raba jama'a, ƙarin da ake buƙata kaɗan ne. Masu shirya taro su ware matasa huɗu ko biyar da aikinsu kawai shara. A ajiye buhuna uku a kowace ƙofa: na robar ruwa da lemo, na leda, na ragowar abinci. Inda zai yiwu a ce masu karɓa su zo da kwanonsu. Robobin da aka tara a sayar, kuɗin ya shiga asusun taron, ragowar abinci mai kyau a kai wa mabuƙata tun bai lalace ba. In taron na dashen itace ne, a danƙa kowace bishiya hannun wani gida ko shago da zai shayar da ita har ta tsallake rani, a kuma kewaye ta saboda awaki. Dogon yaro goma da suka rayu sun fi ɗari da aka ɗauki hoto da su aka tafi.

Mai son shiga irin wannan aiki ba sai ya jira ƙungiya mai rajista ba. Ya je wurin masu shirya taro a masallacinsu ko makarantar 'ya'yansa ya ce a ba shi ɓangaren tsafta, da wuya a samu mai yi masa takara. Ya zo da wuri, ya zama cikin na ƙarshen tafiya. A gida kuma ya ware buhunansa tun wannan makon, ya koya wa yara abin da ke shiga kowanne, ya kuma girmama mai kwasar shara da ɗan gwangwan, domin lafiyar iyalinsa suke tsarewa.