Harbin Tattabarun Daji a Gonakin Ingila: Aiki Ja a Bayan Lissafi

A lardunan noma na Ingila, duk lokacin da maharba suka haɗu bayan wunin farauta, tambayar farko ita ce nawa aka samu. Wanda ya ce talatin ya yi wuni mai kyau. Wanda ya ce ɗari za a yi ta ba da labarinsa har mako ya zagayo. Akwai kuma 'yan ƙalilan da sukan kakkaɓo ɗari biyu ko uku tsakanin hantsi da faɗuwar rana. Abin da ba a cika faɗa ba a wurin irin wannan hira shi ne wahalar da jiki ke sha kafin a kai ga wannan lissafi, da kuma ko lissafin yana yi wa manomi maganin da ake zato.

Shi dai tsuntsun da ake magana a kansa tattabarar daji ce, 'yar uwar hasbiya, amma ta fi ta girma. Launinta toka-toka ne, tana da farin tabo a gefen wuya da farin zane a kan fiffike, kuma nauyinta yakan kai rabin kilo. Masana tsuntsaye sun ƙiyasta cewa akwai kimanin miliyan 10 da ke hayayyafa a Birtaniya, wato mata da miji kimanin miliyan 5, kuma yawansu ya ninka fiye da sau biyu tun daga ƙarshen shekarun 1960.

Babban dalilin wannan ƙaruwa shi ne sauyin da aka samu a noman ƙasar. A da can, yunwar hunturu ce ke rage su, domin idan sanyi ya tsananta ba su da abin ci sai wata ciyawar kiwo mai ganye uku da 'ya'yan itatuwa. To, amma daga shekarun 1970 manoma suka rungumi noman kanola, wani tsiro dangin kabeji mai rawayan fure, wanda ake matse man girki daga 'ya'yansa. Ana shuka shi a ƙarshen lokacin zafi, ya kwana a gona duk tsawon hunturu da ɗanyen ganyensa. Tattabaru sun samu rumbun da ba ya ƙarewa. Garke guda na iya kai dubbai, kuma idan suka yi makonni suna sauka a wuri ɗaya sukan cinye ganyen har kan tsiron, su bar gonar kamar an aske ta. Da bazara sai su koma kan sabuwar shukar koren wake da sha'ir, idan kuma iska da ruwa suka kwantar da alkama gab da girbi, nan ma su ne.

Saboda haka ne manomi ke buɗe wa maharbi ƙofar gonarsa, galibi ba tare da kuɗi sun shiga tsakaninsu ba. Shi ya samu kariya, maharbi ya samu farauta da nama.

Kafin harbin farko

Aikin yana farawa ne kwana ɗaya ko biyu kafin a taɓa bindiga. Tattabarun daji suna da hanyoyi a sararin sama da suke bi kullum tsakanin makwancinsu da wurin cin abinci, suna bin shinge, ko kwari, ko wata doguwar bishiya. Ƙwararren maharbi yakan shafe sa'o'i yana kallo da tabarau mai hangen nesa har ya gane hanyar da lokacin da suke bin ta. Wanda ya kafa maɓoyarsa taku ɗari daga wannan hanya zai iya wuni yana kallonsu suna wucewa.

Sai kuma jigilar kaya. Wurin da tsuntsayen suka zaɓa sau da yawa yana can ƙuryar gona, kuma manomi ba ya yarda a shiga da mota a kan shuka ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dole mutum ya ɗauki komai a kafaɗa: bindiga mai nauyin kilo uku ko fiye, raga da sandunan kafa maɓoya, kujera, ruwan sha, buhuna, da tattabarun roba guda ashirin ko talatin da za a jera a ƙasa don yaudarar masu rai. Dabara ce irin ta maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi don namun daji su saki jiki da shi. Tun daga shekarun 1990 an ƙara da wata na'ura mai juya matattun tattabaru biyu a kan dogayen hannuwa kamar suna shawagi, wadda ita ma sai an ɗauko ta da batirinta. Kwalin harsashi 250 kuwa yana da nauyin sama da kilo 10, kuma mai sa ran babban wuni ba zai zo da kwali ɗaya ba. Idan ƙasar ta sha ruwa, laka takan manne wa takalmi har kowane taku ya zama aiki. Sau biyu ko uku mutum zai yi wannan sawu kafin ya zauna.

Ana jera tsuntsayen yaudara su fuskanci iska, domin tattabara iska take fuskanta idan za ta sauka, a bar fili a tsakiya, kimanin mita 25 zuwa 30 daga maɓoya. Daga nan sai jira.

Abin da jiki ke sha

Tattabarar daji tana da kaifin gani da saurin kaucewa. Da ta hango motsin hannu ko farin fuska sai ta karkace ta bi iska. Don haka maharbi yakan zauna a takure, kansa a sunkuye, yana leƙe ta ramukan raga, sai tsuntsu ya shigo sannan ya miƙe, ya ɗora bindiga, ya bi shi, ya harba, duk a cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wanda ake kira gwani shi ne mai samun tsuntsu ɗaya a harsashi biyu. Ke nan mai neman 200 zai harba kusan 400, ya tashi ya zauna sau ɗaruruwa, ya ɗaga bindigar nan sau ɗaruruwa, ya buɗe ta ya ɗura ta har yatsu su yi tsami.

Kowane harbi kuma yana da ladansa a kafaɗa. Dukan gindin bindiga sau ɗaya ba komai ba ne, amma idan aka tara ɗari huɗu, musamman da zafi lokacin da riga ba ta da kauri, kafaɗa takan kumbura ta yi baƙi, kunci ya yi ciwo, kai ya ɗauki sara. Hancin bindigar yakan yi zafin da ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Wannan ne ya sa da yawa suke zaɓen harsashi marar nauyi, na giram 28 zuwa 30, ko bindiga mai ɗura kanta wadda ke rage duka, ko da yake dokar shekarar 1988 ta ƙayyade cewa irin wannan bindiga ba za ta ɗauki fiye da harsashi uku ba a ƙarƙashin takardar izini ta gama-gari.

Ciwon kafaɗa yana warkewa cikin kwanaki, na kunne kuwa ba ya warkewa. Ƙarar bindiga takan wuce desibel 150, alhali likitoci na cewa daga 140 ƙara guda na iya lalata ji. Tsofaffin maharba da yawa, waɗanda suka yi zamani kafin toshe kunne ya zama al'ada, sun tsufa da kurumta ko da ƙugi a kunne dare da rana.

Yanayi ma yana karɓar nasa rabon. A watan Janairu mutum zai zauna cikin iska mai ratsa ƙashi ba tare da damar motsa jiki ba. A watan Yuli da Agusta kuwa, a kan gonar da aka girbe, inda aka fi samun manyan lissafi, zafi da ƙishirwa ne. Gajiya tana rage kaifin hannu, kuma nan ne haɗarin yake: harbin gajiyayye ya fi raunata tsuntsu ba tare da ya kashe shi ba, kuma gajiyayye ya fi mantawa da inda hanya ko gidaje suke a bayan shinge.

Sunan da ya fi shahara a wannan sana'a shi ne na Manjo Archie Coats, tsohon soja wanda ya mai da harbin tattabaru hanyar cin abincinsa a lardin Hampshire. A watan Janairun 1962 ya kakkaɓo 550 a wuni ɗaya kusa da garin Winchester. A wannan wata hasken rana a kudancin Ingila bai wuce kimanin sa'o'i tara ba, wato ke nan ya fi tsuntsu ɗaya a kowane minti tun safe har yamma. Littafin da ya wallafa a 1963 a kan wannan fanni har yanzu shi ne madogarar masu koyo.

Bayan harbin ƙarshe

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda bai yi tanadin kwashe abin da ya harba ba zai gane haka da magariba. Tattabaru 200 kilo 100 ne, wato buhu biyu na siminti, kuma ta hanyar da aka shigo da kaya ta nan za a fita da su. Na Manjo Coats sun kai kilo 275. Kafin nan sai an tsince su ɗaya-ɗaya, wasu a fili, wasu a cikin ƙaya ko rami, an bi masu rauni an ƙarasa su nan take. Karen farauta yana taimakawa, amma laushin gashin tattabara yana cika masa baki, kuma da zafi shi ma yana galabaita. A gonar hatsin da ba a girbe ba, maharbi mai mutunci yakan ƙi harbin tsuntsun da zai faɗa inda ba a iya ɗauko shi sai an tattake amfanin da aka zo karewa.

Idan an kai gida ma ba a gama ba. Tsuntsayen da aka bari a cunkushe cikin buhu da ɗuminsu sukan lalace kafin gari ya waye, kuma da zafi ƙudaje kan yi ƙwai a kansu cikin 'yan mintoci. Dole a baje su a wuri mai sanyi, a rufe, a kai wa dillalin naman daji, wanda ke sayar da wasu ga gidajen abinci, ya aika wasu ƙasashen Turai. Abin da yake biya a kan kowace tattabara ba kasafai yake mayar da kuɗin harsashi ba. A tsakanin maharban kansu, babu abin kunya kamar a samu tulin matattun tsuntsaye an zubar a gindin shinge, domin irin wannan hoto shi ne makamin da masu adawa da farauta suka fi so.

Shin lissafin yana magani?

Wannan tambaya an daɗe da yi mata bincike. A shekarun 1950 da farkon 1960 gwamnatin Birtaniya tana tallafa wa maharba da kuɗin harsashi don a rage tattabaru. Wani masanin ma'aikatar aikin gona, Dokta Ronald Murton, ya shafe shekaru yana ƙidayarsu a wani yanki kusa da Cambridge, ya gano cewa yawan da ke kaiwa bazara ya dogara ne a kan abincin hunturu. Waɗanda aka harbe, galibinsu da ma yunwa za ta kashe su, kuma mutuwarsu ta bar wa sauran abinci. A tsakiyar shekarun 1960 aka janye tallafin. Bayan zuwan kanola lissafin ya ɗan sauya, tunda yunwa ta ragu, amma duk da ana harbe fiye da miliyan guda a kowace shekara, tsuntsun da ke yin ƙwai bibbiyu sau biyu ko uku a shekara ya ci gaba da cike gurbinsa.

Amfanin harbi a gona guda yake, a lokacin da shukar ta fi rauni. Yana kashe wasu, ya tsorata sauran su ƙaura na 'yan kwanaki, ya kuma sa su ci gaba da jin tsoron bindigar gas da mutum-mutumi, waɗanda in ba haka ba sukan saba da su cikin mako guda.

Doka ma ta wannan fuska take kallon al'amarin. A ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1981, duk tsuntsun daji yana da kariya, kuma ana harbin tattabara ne kawai bisa wani lasisi na bai-ɗaya da ya halatta hakan don hana mummunar ɓarna ga amfanin gona, bayan an yi ƙoƙarin korarsu ta wasu hanyoyi. Nishaɗi kaɗai ba hujja ba ne. A watan Afrilun 2019 hukumar Natural England ta soke lasisin bagatatan, bayan ƙarar da ƙungiyar Wild Justice ta shigar, wadda mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Chris Packham yake cikin waɗanda suka kafa ta. Abin ya zo daidai lokacin shukar bazara, manoma suka yi ca, har ma'aikatar muhalli da aikin gona ta karɓe ragamar ta fitar da sababbin lasisi a watan Yuni na wannan shekara. Sai kuma batun darma: a watan Yulin 2025 gwamnati ta bayyana cewa za ta haramta harsashi mai ƙwayoyin darma a Ingila da Scotland da Wales bayan wa'adin shekaru uku, saboda gubar da yake bari a ƙasa da cikin nama. Mai harba 400 a wuni yana watsa kusan kilo 12 na darma a gona guda.

Saboda haka maharbin da ya dawo da buhuna cike yana da tambayoyi uku a gabansa bayan ta lissafi: ko akwai amfanin gona da ya kare, ko ya tsince duk abin da ya kayar, da kuma ko naman ya isa tukunya. Manomi kuwa nasa ma'aunin ɗaya ne. Washegari da hantsi zai fita ya dubi gonar, ya ga ko garken ya dawo.