Kowa Na Son Mai Ya Yi Tsada, Ba Mai Son Rage Nasa

A watan Satumbar 1960 wakilan ƙasashe biyar suka zauna a Bagadaza: Iran, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya da Venezuela. Takaici ne ya haɗa su, domin manyan kamfanonin Turai da Amurka sun karya farashin ɗanyen mai ba tare da sun shawarci masu rijiyoyin ba. Nan aka haifi ƙungiyar OPEC, wadda Nijeriya ta shiga a 1971.

Lissafin ƙungiyar ba wuya. In kowa ya rage abin da yake haƙowa, mai zai yi ƙaranci, farashi ya tashi, kowa ya samu. Matsalar tana farawa ne bayan an tashi taro, minista ya koma gida ya tarar da albashi da bashi suna jiransa. Sai ya ce a ransa: tunda sauran sun rage, ga kasuwa ta yi kyau, in na ƙara 'yan ganguna a ɓoye wa zai sani? Kuma lissafinsa daidai ne, muddin shi kaɗai ya yi. Sai dai duk ministocin da suka zauna tare da shi sun iya lissafi.

Masu adashi sun san wannan ciwo. Wanda ya yi kwasar farko, me zai sa ya ci gaba da zubi? Uwar adashi ta san gidansu, ga kunyar idon unguwa, kuma baɗi zai nemi a sake sa shi. OPEC kuwa ba ta da kotu, ba ta da ɗan sanda, ko adadin da kowace ƙasa ke haƙowa sai ta haɗa da ƙiyasin 'yan waje.

An gani a aikace. A 1982 ƙungiyar ta fara yanka wa kowa kasonsa, amma ana ta ƙetare iyaka. Nijeriya ma, a 1983, ta sauke farashinta ba ta jira kowa ba, saboda man Birtaniya na ƙwace mata masu saye. Saudiyya ce ta riƙa ɗaukar asarar. Daga ganga wajen miliyan 10 a rana a 1981, ta sauko ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985, don kawai ta tare farashi yayin da wasu ke cin moriyar haƙurinta. Da tura ta kai bango sai ta buɗe famfo. Kafin tsakiyar 1986 gangar da ake sayarwa kusan dala 30 ta faɗo ƙasa da dala 10.

Wannan ita ce bulalar da ƙungiyar ke da ita, kuma muguwar bulala ce, don ba ta bambanta mai laifi da marar laifi, har mai riƙe da ita tana tsula. Nijeriya ma ta sha bulalar: a 1986 ɗin ne gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta karye. An maimaita wasan a Maris 2020 tsakanin Saudiyya da Rasha, amma wannan karon wata guda kawai aka yi kowa ya dawo teburi, aka amince a rage ganga miliyan 9.7 a rana.

Wanda kuma ya ga zaman ba ya biyansa, ƙofa a buɗe take. Katar ta fice a 2019, Angola ta sanar da nata ficewar a Disambar 2023 bayan an rage mata kaso.