Fanshon nakasa: Abin da ke hana kuɗin isa hannun tsoffin sojoji masu taɓin hankali a Batsari da Safana

A garuruwan Batsari da Safana, da ke bakin Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da dama da ƙauyukansu. Tsohon sojan da ya baro aiki da larurar ƙwaƙwalwa yana cikin waɗanda wannan gudun hijira ya fi yi wa illa, domin dangi ne ke riƙe da shi. Idan gida ya watse, makwancinsa kan koma tasha ko rumfar kasuwa.

Dokar fanshon sojoji ta tanadi fanshon nakasa ga wanda ya samu larura a bakin aiki, bayan kwamitin likitocin soja ya tabbatar da ita. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ce ke biya, kamfanin DHML kuma ke kula da inshorar lafiyarsu.

Idan kuɗin ya isa hannu, yana biyan hayar ɗaki da abinci da magani. Yana kuma ɗaukar kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Ga mai irin wannan ciwo, katsewar magani kan dawo da larurar sabuwa, don haka zuwan kuɗin a kan kari shi ne ginshiƙi.

Sai dai hanyar samunsa na da sarƙaƙiya. Raunin harsashi a fili yake, amma firgicin bayan yaƙi kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, wani lokaci bayan an sallami soja. Wanda ciwon ya sa ya bar bakin aiki har aka kore shi kan rasa haƙƙinsa. Tantance 'yan fansho kuma na buƙatar takardar sallama, asusun banki da lambar BVN. Wanda takardunsa suka ƙone tare da gidansa, kuma hankalinsa ba ya tare da shi, da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa shi kaɗai.

Amurka ta fuskanci irin wannan matsala. Ta faɗaɗa shirin HUD-VASH a 2008, inda ake haɗa tallafin haya da jami'in da ke bibiyar lafiyar tsohon soja. Yawan tsoffin sojoji marasa muhalli ya ragu da fiye da rabi daga 2010.

A Najeriya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion, da hakimai da ƙananan hukumomin biyu, su zaƙulo waɗannan bayin Allah, su sabunta musu takardu, a kuma naɗa wa kowannensu amintaccen wakili da zai riƙe masa kuɗinsa.